Yadda nake zana itace a kan ƙyalle da launin da na tsinto a bayan gari

Wata ƙanwar maigidana ta zo mana yawon sallah, ta shigo falo ko zamnawa ba ta yi ba ta tsaya gaban ƙyallen da na rataya a bango, mai zanen gawo tsaye shi kaɗai cikin fili ruwan ɗorawa, ta ce "Anti wannan daga Dubai aka kawo maki ko?" Na yi dariya har da riƙe ciki na ce mata eh Dubai ɗin bayan Ƙofar Guga ba, don duk abin da ke jikinshi in aka cire akokon da zaren tsintoshi na yi, bagaruwa ce da ɓawon albasa da tsatsar ƙusa da jar ƙasa. Ba ta yarda ba sai da na ja ta bayan kicin ta ga robobina da tsohuwar tukunyar da nake dahuwar rini a ciki.

Toh shi ne na ce bari in zamna in faɗi yadda ake yi daki-daki. Amma tun yanzu in gaya maku gaskiya, zanen kanshi shi ne ƙaramin aiki, wuni ɗaya ya isa, babban aikin yana wajen shirya yadin, kuma daga farko zuwa ratayewa ku sa ran sati uku zuwa shida. Mai gaggawa gara ya je ya sayi fentin gwangwani ya huta.

Abin da za a fara haɗawa tun yau

Ruwan ƙarfe, don shi ne mai cin lokaci. Ku samu kwalba ko roba mai marfi, ku zuba tsofaffin ƙusoshi masu tsatsa kamar cikin hannu ɗaya, wajen kafinta ko mai walda kyauta ma za a ba ku, ku zuba ruwa kashi biyu binega kashi ɗaya har ya rufe su. In babu binega a jefa gutsuren mazarƙwaila cikin ruwan, zai yi tsami da kanshi sai dai ya fi daɗewa, masu zanen yadi a Indiya da irin wannan haɗin na ƙarfe da ɗanyen sukarin rake suke fitar da baƙinsu. Kar a ɗaure marfin tamau don yana tara iska. A ajiye inda yara ba su kaiwa, sati ɗaya zuwa biyu za ku ga ya koma ruwan tsatsa yana wani ƙarni. Shi kenan ku manta da shi tukunna.

Ku fita ku kalli itacen

Mafi yawanmu in aka ce zana bishiya sanda muke ja mu ɗora mata curin ganye kamar na littafin firamare, alhali babu itace ɗaya a duk faɗin Katsina mai wannan siffar. Ku ɗauki takarda da fensir ku fita da yamma, ku tsaya gaban itace ɗaya tak ku ba shi minti ashirin.

Ni gawo na zaɓa saboda halinshi, da damina lokacin da kowa ke kore shi ya zubar da ganye ya tsaya tsirara, sai rani ya yi kowa ya bushe sannan ya tofo. In kun matsa kusa za ku ga rassanshi ƙanana farare-farare ne kuma ba miƙewa suke ba, karyewa suke hagu da dama kamar gwiwar hannu, da ƙaya bibbiyu a kowace gaɓa, 'ya'yan kuma lanƙwasassu ruwan lemu waɗanda awaki ke rububi a ƙasa. Kuka ita duk ƙarfinta a gindi yake, rassan gajeru kamar an kifa ta saiwa a sama. Goriba tana rabuwa biyu, kowane reshe ya sake rabuwa biyu, giginya kuwa miƙewa take sambal da ɗan kumburi a sama da tsakiya. Bedi, wanda Kanawa ke ce ma darbejiya, kyanshi a ganyen yake, baki kamar zarto. Ganyen kalgo kuma kamar sawun raƙumi. Abin da kuke nema shi ne layi uku ko huɗu waɗanda in an gan su ko ba launi za a ce wannan ai gawo ne. Hoton waya yana taimako amma bayan an kalla da ido, don waya tana baje komi ya zama lebur.

Ni dai a itace da ganye da duwatsu da ruwa na tsaya, ban shiga zanen mai rai ba, kowa ya san maganar da ke kai, wanda ke son sa balbela ko shamuwa ya tambayi malaminshi.

Yadi, inda na fara cin ƙasa

Launin itace auduga yake kamawa, ba ya kama roba. Karon farko na je kasuwa na ce a ba ni farin yadi mai kyau, mai shagon ya rantse mani auduga ce zalla, na sha wahala kwana huɗu, ranar wanki ina tsoma shi a ruwa komi ya bi ruwa ya bar mani wani dusu-dusu kamar tsumman goge tukunya. Innata tana zamne tana kallo ta ce "ai dama an san za a rina, an saci zanen mahaukaciya, sai dai naki ko rinuwar ma bai yi ba." Tun daga ranar da ashana nake zuwa kasuwa. Ku roƙi ɗan zare daga bakin yadin ku ƙyasta mashi, in auduga ce zai ci da wuta kamar takarda ya bar toka mai laushi da ke murjewa, in da roba zai naɗe ya narke ya bar ƙwallo baƙi mai tauri yana warin leda. Akoko shi ne abokin tafiyata, ga arha ga kauri ga shi ba fari fat ba. Abin takaici ma audugar nan a ƙasar Funtuwa da Malumfashi ake noma ta amma sai mutum ya yi da gaske kafin ya samu yadin da ba a cakuɗa ba.

Ku yanki yadi ɗaya, ku ƙara ɗan taƙi ko wane gefe saboda naɗewa a firam, ku yanki ƙananan ƙyallaye kamar tafin hannu guda goma daga jikinshi na gwaji, duk abin da aka yi ma babban a yi masu. Ku auna nauyinshi a bushe a sikelin masu yin kek ku rubuta, don duk awon da zai biyo baya a kanshi yake.

Sabon yadi cike yake da sitaci da maiƙo, wankin hannu ba ya fitar da su, dafa shi ake. Tukunya babba da ruwa ya sha kanshi, gutsuren sabulun wanki da ɗan jiƙon kanwa, a bar shi yana tafasa a hankali awa ɗaya zuwa biyu ana juyawa da sanda. Ruwan zai fito kamar shayi, in ya yi duhu sosai a zubar a sake. A ɗauraye tas. Gwajin shi ne a ɗiga ruwa a kan busasshen yadin, in ya tsotse nan take ya yi, in ɗigon ya zamna a sama kamar raɓa a koma tukunya. Kuma dan Allah tukunyar rini da muciyarta sun bar kicin kenan har abada, kar a ce za a dafa ruwan wanka ma a ciki, sannan kar ta zama mai tsatsa, ta silba ko ta tangaran ita ce daidai.

Bagaruwa da alif

Nan ne mutane ke tsallakewa sannan su zo suna cewa launin gargajiya ba ya zama. Auduga ba ta riƙe launi ita kaɗai sai an yi mata tsani, kuma tsanin hawa biyu ne. Na farko bagaruwa, wadda majema ke jeme fata da ita, wannan ɗacin mai ɗaure baki shi ke kama zaren. Na biyu alif, wanda wasu ke ce ma alam, na tace ruwa, shi kuma ya kama bagaruwar ta hannu ɗaya ya kama launi ta ɗayan. In aka sa alif shi kaɗai ba bagaruwa kaɗan ne ke zama a jikin auduga.

A kan kowane giram 100 na yadi ina sa bagaruwa busasshiya giram 40, a cire 'ya'yan a daka kwanson, a jiƙa da ruwan zafi ya kwana, a tace da rariyar laushi a sake tacewa da tsumma don ko ɗan ɓurɓushi ya taɓa yadin sai ya bar tabo. A ƙara ruwa mai ɗumi yadda yadin zai yi iyo a ciki, a sa shi a jiƙe, a danna kar wani gefe ya leƙo sama, a bar shi ya kwana. Da safe a matse ba ɗauraya sosai ba. Sai alif giram 15 a kan kowane giram 100, kusan cokalin cin abinci ɗaya kenan, a narke shi a ruwan zafi a zuba a bahon ruwa mai ɗumi, yadin ya sha awa uku ko ya kwana. Kar a ce bari in ƙara don ya fi kamawa, in ya yi yawa yadin ƙanƙam yake yi yana danƙo. A ɗauraye a shanya a inuwa. Zai fito ruwan ƙasa-ƙasa mai haske kamar madarar da aka ɗiga ma shayi, haka ake so.

Launin fili

Ɓawon albasa shi ne na ɗaya a wajena, kuma masu albasa a kasuwa sharewa suke su zubar, in kun je da buhu kun yi gaisuwa za su ce kwashi. A tsince na ruwan zinarin daban da jan, don jan yana karkata zuwa kore-kore mai duhu. Ɓawo rabin nauyin yadin, a dafa a hankali awa ɗaya kar ya yi tafasar hauka don zafi da yawa yana kashe hasken, a tace, a sa yadin a jiƙe ana juyawa minti arba'in, a sauke a bar shi ya huce a ciki. In kuna son sama ta yi haske ƙasa ta yi duhu kamar magariba sai ku riƙa jawo yadin sama kaɗan kaɗan duk bayan minti goma, gefen da ya fi daɗewa a ciki shi zai fi kamawa. Abin da na yi ma gawona kenan.

Ganyen marke ma yana ba da ruwan ɗorawa mai ɗan duhu kuma yana zama ƙwarai. Karan dafi, jan nan da dukawa ke rina fata da shi, in aka jiƙa da ruwan toka ko kanwa yana ba da ja mai ƙasa-ƙasa a auduga, bai kai yadda yake fitowa a fata ba amma yana da kyau. Dakakken goro yana ba da ruwan goro mana. Lalle a hannu ne yake sarki, a auduga ɗan ruwan ƙasa kawai yake bari. Gangamau kuma mayaudari ne, ranar farko zai haska kamar kwaiduwar ƙwai, wata biyu a ɗaki mai haske ya gudu, in sabulu mai kanwa ya taɓa shi kuma ya koma ja. Soɓo ya fi shi rashin alƙawari, duk jan nan da yake yi a kofi a yadi komawa yake toka-toka ya ɓace, ku bar shi na takarda.

Shuɗi kuwa ban ba ku shawarar ku kafa karofi a gida ba a karon farko, sana'a ce mai zaman kanta. Ni kai wa nake wajen wani dattijo marini, ranar da na fara zuwa na ce "Baba so nake a tsoma mani rabi kawai a bar rabi," ya dube ni ya dubi ƙyallen ya ce "ɗiyata ke kuma wace irin riga ce wannan?" Na ce ta bango ce Baba, ya girgiza kai ya karɓa. In ba ku taɓa tsayawa bakin karofi ba ku je ku gani, yadin kore yake fitowa daga ruwan, sai iska ta buge shi a gabanku ya riƙa juyewa shuɗi, shi ya sa ake tsomawa a fitar a bar shi ya sha iska a sake tsomawa, yawan tsomi shi ne duhun ba daɗewa a ciki ba. Shuɗin ganyen baba ba ya buƙatar alif ko bagaruwa, saboda haka in za ku yi shuɗi shi za a fara bayan an dafa yadin, sannan a zo a yi sauran, in aka juya tsarin ruwan tokar karofin zai ɓata na farkon. Marinar Ƙofar Mata a Kano da ake cewa tun 1498 take har yau da baba da toka ake yi, amma tun da Jamusawa suka fara sayar da shunin masana'anta a 1897 karofi ke ta mutuwa ko'ina, namu na nan ma 'yan kaɗan suka rage, ku tambaya da kyau ko na baba ne ko na gwangwani.

Wajen da ba ku son shuɗi ya taɓa, misali wata ko rana a bayan itacen, ku zana da'irar ku bi ta da ɗinkin tsallake da zare mai ƙarfi ku ja ya tattare ku naɗe cikin da zaren buhu tamau, ko ku shafa narkakken kyandir tunda ruwan karofi ba zafi gare shi ba. Yarabawan Abekuta da kunun rogo suke toshe nasu.

Ga wani abin mamaki, duk koren da ke duniya ba a cika samun kore mai zama daga ganye ba. Kore haɗa shi ake, shuɗin baba mara duhu a ƙasa, ruwan albasa ko marke a kai.

Zana gindin da ruwan ƙarfe

Nan ne daɗin yake. Ku shimfiɗa busasshen yadin a kan tebur da tsohon bargo ko jaridu a ƙasa, ku kafe gefunan da fil ya miƙe, ku fitar da siffar itacen da gawayi a hankali ba dannawa. Ku tace ruwan ƙarfen nan da tsumma, ku ɗebi rabin gwangwanin madara, ku zuba jiƙaƙƙen ƙaro har ya yi kaurin koko mara kauri, ƙaron nan dai da almajirai ke sa ma tawadar allo. In ba ƙaro ruwan zai bazu ya bi zare, reshen da kuka ja siriri ya koma kamar taɓarya.

Ku fara a ƙyallen gwaji. Za ku ja layi ku ga kamar ba abin da ya faru, ruwa ne kawai, ku ƙirga ashirin, sai ku ga yana tasowa toka-toka, kafin minti biyar ya yi baƙi. Ƙarfe ne ya haɗu da bagaruwar da ke cikin zaren, irin baƙin da dukawa ke yi a fata kenan, kuma mutanen Mali da suka shahara da yadin laka haka suke, su jiƙa yadin da ganyen marke su zana da tsohuwar lakar kogi mai ƙarfe a ciki. Ku raba ruwan gida uku, ɗaya yadda yake, ɗaya a ƙara ruwa daidai shi, ɗaya a tsinka sosai, kun samu baƙi da toka da inuwa kenan. A kan ruwan albasa wanda aka tsinka ɗin kore-kore yake bayarwa irin na kakin soja, da shi nake yin ciyawar nesa.

Daga gindi ake farawa a hau sama yadda itacen ya tsiro, buroshi mai faɗi a gindi, rassa da alƙalamin kara irin na makarantar allo, ƙayoyi da tsinken tsintsiya. Ɓawon jikin itace kuma da asuwakin da aka tauna bakinshi ya baje, a tsoma a goge a tsumma ya kusa bushewa sannan a ja, yana ba da zane-zanen ɓawo da babu buroshin kanti da zai ba ku. Ku bar gefe ɗaya na gindin da haske, wajen da rana ke bugowa, kuma gefen nan ɗaya za ku riƙe har saman. In an yi kuskure a ɗiga ruwan lemun tsami da tsinke, yana cinye baƙin, sai a dangwale da ruwa nan take. Amma ƙarfe in ya yi yawa yana cin zare, bayan shekaru yadin ya riƙa yagewa a daidai layin, saboda haka kar a yi ta maimaitawa a wuri ɗaya, kuma bayan kwana ɗaya a ɗauraye shi da ruwa mai yawa. Buroshin ƙarfe da kofinshi kar su kusanci sauran launuka, ɗigo ɗaya ya isa ya dusashe tukunya guda, hatta yatsa in ya taɓa to a wanke kafin a taɓa yadi.

Ganye ya buga kanshi

Ni ba na zana ganye ɗaya ɗaya, ganyen nake sa wa ya yi aikin. A tsinko sabo, a juya bayanshi inda jijiyoyin suka fito, a shafa ruwan ƙarfe mai ƙaro sama-sama da ɗan soso, a kifa a kan yadin, a rufe da takarda a murza kwalba a kai sau ɗaya, a ɗaga ta wajen tsinken. Ganyen gwaiba ya fi kowa fitowa, sai kalgo da mangwaro da bedi, zogale yana da kyau amma laushi gare shi sai an bi a sannu. Na kan jera su a bakin ƙyallen kamar yadda ake ƙawata gefen allon zayyana. Tumfafiya ganyenta na jan ido amma ku bar ta, farin ruwan nan da ke fita a jikinta in ya shiga ido ba wasa ba ne.

Akwai kuma turarawa, a jera ganyen turare ko gwaiba ko marke a kan yadi mai danshi, a naɗe a jikin sanda tamau a ɗaure da zare, a sa a madambaci awa biyu, a bar shi ya kwana sannan a kwance. Wannan sai dai abin da Allah ya ba ku, wani ya fito har jijiya wani ya yi dabbare-dabbare. Bubbuga ɗanyen ganye da guduma kuwa yara na so, yana ba da kore shar a ranar, bayan 'yan makonni ya koma ruwan ƙasa.

Fentin ƙasa

Ku duba Hasumiyar Gobarau da yamma ku ga launin da take yi, ko tsofaffin soraye na cikin gari, wannan launin rana ba ta cin shi don ƙasa ce, tsatsar ƙarfen da ke cikinta ce ke ba ta ja. Ku ɗebo jar ƙasa inda magina ke haƙa, da farar ƙasa, da duk wata mai launi da kuka gani a hanyar Ajiwa ko Dutsin-ma ko Jibiya, ni kullum da leda a jakata. Amma dan Allah ban ce a je a ƙwaƙuli ganuwa ba, ɗan abin da ya rage ya isa haka.

A zuba ƙasar a bokiti da ruwa a dama sosai, a ƙirga talatin yashi ya zamna, a tsiyaye ruwan saman mai launi a wani bokiti, shi kuma a bar shi ya kwana, da safe a zubar da garau ɗin a shanya lallausan da ya kwanta kamar gasara, a niƙa shi ya yi laushi. A yadi da madarar waken suya ake haɗa shi, ku je wajen mai awara ku ce ta ɗebar maku ɗanyar madarar da aka tace kafin a ɗora a wuta a sa tsami, a yi amfani da ita a ranar don da wuri take lalacewa a zafin nan namu. Cokali ɗaya na ƙasa cikin madara cokali huɗu ko biyar, a shafa siriri, ya bushe a ƙara, gara shafi uku sirara da ɗaya mai kauri wanda zai tsattsage. Da shi nake yin ƙasan da itacen ke tsaye a kai da 'ya'yan gawo. Wannan shi ake yi ƙarshe bayan an gama ɗauraye ƙarfe, sannan a rataye a inuwa sati biyu zuwa huɗu ba ruwa, madarar tana ƙara tauri tana riƙe ƙasar.

Mai son zane a takarda kuwa ƙasar nan dai ce, sai a haɗa da ƙaro maimakon madara, ƙaro kashi ɗaya ruwa kashi biyu ya kwana a tace, a ɗiga zuma kaɗan kar ya tsage, a zuba a marafan kwalba su bushe, duk ranar da ake so a taɓa da jiƙaƙƙen buroshi. A nan soɓo ke da rana, a dafa shi da kauri, a ɗiga lemun tsami ya yi ja mai haske, a ɗiga kanwa ya juye shuɗi-kore, launi uku daga kofi ɗaya. Takardar ta zama mai kauri, kuma a ajiye cikin littafi don haske na cin shi.

Zare, guga, firam

Surfani kaɗan yana tada zanen, ba wai a cika shi kamar wuyan babbar riga ba. Ni ƙayoyin gawo na bi da farin zare, 'ya'yan kuma da zaren da na rina a sauran ruwan albasa, ɗinkin sarƙa irin na masu hula. In zaren kanti ne mai launi a jiƙa shi tukunna a ga ko yana zuba.

Wankin ƙarshe da ruwan sanyi da ɗan sabulu mara ƙarfi, ban da garin wanki ban da bilic, kar a cuɗa kar a murɗe, a shanya a inuwa, a goge ta baya da sauran danshi. Kafinta ya haɗa maku firam na katako mara nauyi, a ja yadin daga tsakiyar kowane gefe a kafa ƙusa ƙarama, sama sannan ƙasa, hagu sannan dama, a bi zuwa kusurwa, in aka fara daga kusurwa sai ya yi ciki. A rataya a bangon da rana ba ta bugu, da hunturu a riƙa kaɗe ƙura da busasshen buroshi mai laushi, ban da jiƙaƙƙen tsumma.

Ƙyallayen gwajin nan kar a yar. Kowanne ku rubuta mashi abin da aka sa da nawa da ranar, ku raba shi biyu, rabi a cikin littafi rabi a liƙa a taga inda rana ke duka, bayan wata guda ku haɗa su ku gani. Ta haka na gane gangamau ba na bango ba ne, na kuma gane albasar da na tsoma sau biyu ta fi wadda na dafa da yawa sau ɗaya zama. Yanzu akwai guda shida a tagar kicin ɗina na karan dafi, uku da toka uku da kanwa, in kaka ta yi na samu sabo zan yi kuka da jar magariba a bayanta, ƙanwar maigidan ma ta riga ta ce nata ne.